Man da Unguwa Ta Lakace

A shekarun nan da rediyo take ta gaya mana cewa ƙasa ta yi arzikin mai, ni ina amarya a Daura, Innata kuma tana garinmu, wani ƙauye can bayan Zango. Arzikin ya zo, ba zan yi ƙarya ba. Mun ga kwalta ta miƙe, samari sun jingine kekuna sun hau babura, kwanonin samira sun kori akushi daga ɗakunan mata. Amma in aka ce mini mai a wancan zamani, ba na rediyo nake tunawa ba. Wani farin mai nake tunawa, a cikin ɗan bututu irin na man goge haƙori, wanda tsawonsa bai kai tafin hannuna ba.

Ni ce autar Inna. Baba ya rasu tun ban yi wayo ba, ya bar ta da ni da Yayana, da fura kuma ta riƙe mu. Duk wanda ya san garinmu ya san furarta. Tun da safe ake jin turminta, kafin rana ta take ta dafa, ta kirɓa, ta zauna da faifai a gabanta tana mulmulawa tana barbaɗe ta da gari. Fatake masu kora dabbobi zuwa kasuwar garin Babban Mutum a ƙofarmu suke yada zango, matan Fulani su kawo nono su zauna a zaurenmu, yara su yi ta shiga da fita da ƙwarya. Sana'a ce ta hannu tsirara. Babu cokali, babu ludayi tsakanin hannun Inna da cikin mutane, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da haka.

Lokacin ina ɗauke da cikin fari. Abin da ke raina dare da rana shi ne a mayar da ni gida goyon ciki, in haihu a ɗakin Inna, ta yi mini wankan jego, ta karɓi abin da na haifa. Wanda bai sani ba zai ce son gida ne kawai. Ai ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon jama'a. Ba za ki kira sunansa ba, ba za ki yi masa wasa ba, ko kuka yake yi sai ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta, sai an tsawatar miki ki ba shi nono. Hannun da zai ɗauke shi, ya yi masa wanka, ya goya shi, ya rarrashe shi, hannun kakarsa ne. Ni kuwa ban san hannun da ya kai na Inna ba, don haka na sa rai ƙwarai.

A wannan damina ne abin ya fito mata a bayan hannun dama. Wani ɗan zobe ne, gefensa ya ɗan tasa yana ɓarewa, tsakiyarsa ta yi haske, ga ƙaiƙayi kamar me. Inna ta dube shi ta yi tsaki ta ce makero ne, ciwon yara, shi kuma bai ji kunyar kama tsohuwa ba. Ta karyo tumfafiya ta ɗiga masa nononta. Ya ƙi. Wata ta ce ta goga tafarnuwa, ta goga. Wani direba a layinmu, wanda tun da ya fara jan motar haya ya zama likitan unguwa, ya rantse mata babu abin da ke kashe makero kamar man birki, ya kawo mata a murfin kwalba. Man birki ya ƙone fatar, ta yi sulɓi, da ta warke sai ta dawo fara-fara, zoben kuma ya ƙara faɗi ya haura wuyan hannu ya haifi wasu ƙanana.

Babu wanda ya ce mata komai. Mutanenmu ba sa faɗa, sai dai su rage zuwa. Furar da ke ƙarewa kafin azahar ta fara kaiwa la'asar, daga nan ta fara kwana.

Ni ban ji daga bakin Inna ba. Maganar ta hau motar kasuwa ta riga ta zuwa Daura. Wata safiya ina shara, uwar mijina, wadda nake kira Iya, ta kira ni ta ce, “'Yar nan, an ce Innarki ba ta jin daɗi.”

Na ce, “Ban ji ba, Iya.”

Ta ce, “An ce hannu ne.” Ta gyara bakin zanenta, sannan ta ce, “Allah Ya sa ba babban ciwon ba ne. Maganar tafiyarki gida dai, a ɗan dakata mu ga abin da hali ya yi.”

Babban ciwo. Haka ake cewa don kada a kira kuturta da sunanta. Na ji tsintsiyar ta yi mini nauyi a hannu. Iya ba muguwar mace ba ce, in faɗi gaskiya, ta riƙe ni da kyau, amma a ranar da za a ba ni dama da na watsa mata sharar a jiki. Na haɗiye, na roƙi maigidana ya bar ni in je ganin gida, ya bar ni.

Na tarar da Inna ta rame, ta naɗe hannun da tsumma tana kirɓi da shi a haka. Na kwance na duba, ni ma ban san abin da nake gani ba. Allah Ya taimake mu Yaya ya zo a makon. Yana aikin leburanci da masu shimfiɗa kwalta, ya sayi babur sabo yana ji da kansa. Muka taru muka matsa mata, da ƙyar ta yarda aka kai ta asibitin sha-ka-tafi na Zango, shi ya goya ta, ni na bi su a mota.

Malamin asibitin wani dattijo ne mai faɗa. Ya juya hannun, ya tambaya me aka zuba masa. Da ya ji man birki sai ya ce, “Ita mota ce?” Ya sa Inna ta rufe ido, ya ɗauko auduga yana taɓa farin wurin, ya ce duk inda ta ji ta nuna. Ta nuna ko'ina, har tana janye hannun.

Ya ce, “Yana ƙaiƙayi?”

Ta ce, “Kamar in yanke shi in yar.”

Ya ce, “To ki gode wa Allah, Inna. Wancan ciwon da kuke tsoro ba ya ƙaiƙayi, wurin mutuwa yake yi, ko wuta ba a ji. Wannan makero ne. Kina kiwo?”

Tana da wani maraƙi da take turkewa, duk wuyansa ya cinye gashi ya zube. Ya ce ga inda ta samo nan. Ya ce maganin da ya fi dacewa babu shi a wurinsu, amma akwai wani sabon man shafawa da ya shigo, Yaya ya nema a kemis a Daura. Sannan ya ɗaga yatsa ya yi mana karatu, ina jinsa har yau. A wanke hannu a tsane shi sosai. A shafa kaɗan, safe da yamma, har a zarce gefen zoben. In ya daina ƙaiƙayi kada a daina. In ya ɓace ma kada a daina, don saiwarsa tana nan ido ne ba ya gani, sai an cinye bututun duka. Ya ce, “Kuma na mutum ɗaya ne. Kun ji ni? Na mutum ɗaya.”

Muka ce mun ji. Na dawo gida ranar ina jin kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka.

Yaya ya je ya sayo, man kuwa ya yi abin mamaki. Kafin Juma'a ta zagayo ƙaiƙayin ya tsaya, gefen zoben ya kwanta, ƙananan suka fara dushewa. Inna ta yar da tsumman. Murna ta hana ta zama, ta shiga gida-gida tana nuna hannun, tana ba da labarin auduga, tana cewa malamin asibiti da bakinsa ya ce makero ne. Ban ga laifinta ba. Wanda aka yi wa shiru irin wanda aka yi mata, dole ya so a ji an wanke shi. Sai dai tare da hannun ta nuna musu bututun.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ce ta fara zuwa, wadda muka tashi muna kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ta shigo da jikanta, ƙyasbi ya yi masa dabbare-dabbare a wuya. Ta gaisa, ta yi barka, ta zauna ta tsinci geron Inna kamar da can, sannan ta ce, “Wai man nan naki, a ɗan lakato wa yaron nan mana.”

A ɗan lakato. Ban san wata kalma da ta cuce mu kamar wannan ba. Ba a ce a ba ni ba, ba a ce a raba ba, ɗan abin da kan yatsa zai ɗauko kawai. Wa zai hana lakata? A garinmu ana lakato man shanu, a lakato daddawa, a lakato man kaɗanya, ba bashi ba ne, ba kyauta ba ce da za a yi godiya mai tsawo, abu ne da maƙwabci yake da hakki a kansa tun da ya gani a hannunka. Inna ta matso a yatsarta ta shafa wa yaron da kanta.

Washegari mutum uku suka zo. Bayan nan na daina lissafi. Mai kora a kan ɗanta, mai cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, mai faso a dunduniya, mai ƙurajen zufa. Wata amarya ta zo don an ce yana sa fuska haske. Wani tsoho ya aiko da ganyen kuka a zuba masa a ciki, wai haƙori ke damunsa. Har direban man birki, da ba shi da ta ido, ya aiko ƙanensa a lakato masa na matsematsi. Zauren da ya yi tsit ya sake cika da takalma.

Ni kuma na zama karyar gida, ina haushi a bakin ƙofa. Na ɓoye bututun a cikin tukunyar jere, Inna ta gano. Na sa shi a lalitata, ta ce in ba ta ko ta saɓa mini. Wata rana da muka rage mu biyu na ce, “Inna, don girman Allah, ba ki ji abin da malamin ya ce ba? Na mutum ɗaya ne!”

Ta ce, “Ke, ai na warke. Dubi.”

Na ce, “Ya ce ko ya ɓace kada a daina.”

Ta ce, “To in ce musu me? In ce babu, alhali sun gani? Jiya-jiya ake gudun ƙofata, yau an dawo, sai in kore su da rowa?”

Na ce, “Su da suka guje ki?”

Ta ɗaga yatsarta manuniya, wadda take lakatar man da ita, tana kallonta. Ta ce, “Auta, ba ki lura ba. Da wannan nake shafa wa 'ya'yansu. A ka, a wuya, a fuska. Suna tsaye suna kallo, ba wadda ta janye ɗanta.”

Na gane ba man take bayarwa ba, taɓawar take saya, kuma ba ni da abin da zan ba ta a madadinta. Na shiga ɗaki na yi kukana. Bayan 'yan kwanaki bututun ya zama fallen ƙarfe, aka nannaɗe shi tun daga gindi, aka tsaga shi da reza aka suɗe cikinsa da yatsa. Lakatar ƙarshe ma ba a hannun Inna ta sauka ba, a gwiwar wani yaro ta sauka wanda ya faɗi daga kan jaki.

Na koma Daura na gaya wa Iya an duba, makero ne, kuma ya warke. Ta ce alhamdu lillahi, ta fara maganar ranar da za a raka ni. Na wanke kayana na ƙulle. 'Yan makonnin nan su ne daɗin da na ji a cikin wannan al'amari gaba ɗaya.

Sai ya dawo. Kamar yadda dattijon nan ya faɗa, saiwar tana nan. Ya dawo a inda yake, ya ƙara da damtse, ya tsallaka hannun hagu. Yaya yana can wajen aiki, kwaltarsu ta yi nisa, ba a san ranar zuwansa ba. Inna ta mayar da tsumma.

Wannan karon ba a yi shiru ba, an yi hukunci, kuma a bakin rijiya aka yanke shi. Gwaggo ce ta faɗa, aka kawo mini maganar yadda take. Ta ce, “Ni dai ba na ce komai ba. Amma man nan ya yi wa jikana aiki, ya yi wa mai cin ruwa aiki, ya yi wa kowa aiki a unguwar nan. Ita kaɗai ya kasa. To in makero ne, don me?” Matan suka ce wallahi kuwa. Wata ta tuna Inna ta shafa wa ɗanta da wannan hannun, ta koma gida da gudu ta yi masa wanka da toka.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, har yau kuma in na tuna sai jinina ya tafasa. Abin takaicin shi ne ba sharri suka ƙulla ba. Da sharri ne da na san da wa zan yi faɗa. Lissafi suka yi, kuma a ganinsu ya fita daidai. Ba wadda ta tsaya ta ce, man da aka ce ya kasa, a jikin wa ya ƙare? Kowace tana ganin ita ɗan kaɗan ta lakata, abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Fatake suka koma wata ƙofa. Matan Fulani suka riƙa wucewa da ƙorensu suna gaishe ta daga nesa. In ta je rijiya sai wata ta yi sauri ta ce, “Kawo in ja miki, Inna,” ta zuba mata a tulu ba tare da gugar ta shiga hannunta ba, kuma a kira wannan ladabi. A gidan biki aka fara ajiye mata kwanonta daban. Inna ta kife turmi, ta sayar da maraƙin.

Da Yaya ya zo ya ga abin da ya faru, ya yi ta faɗa a tsakar gida har muryarsa ta dushe, ya hau babur ya je ya sake sayo wani bututun. Ya ce duk wanda ya zo lakata zai karya masa yatsa. Bai san ya ɓata bakinsa a banza ba. Ba wanda ya zo. Ko yaro bai leƙo ba. Inna ta zauna ita kaɗai a gidan da babu sallama, tana wanke hannu tana tsanewa, tana shafawa safe da yamma, har ya ɓace ta ci gaba, har ta cinye bututun ita ɗaya kamar yadda aka ce tun farko. Ta warke sarai, bai sake dawowa ba. Gudun da aka yi mata shi ya bar ta ta warke, ni kuwa ban taɓa iya gode wa Allah a kan wannan da zuciya ɗaya ba.

Amma inda man birki ya ƙone, da inda zoben ya zauna, fatar ta tsaya fara-fara, sumul, babu ɓawo babu ƙaiƙayi. Malamin asibiti ya ce tabo ne kawai, launin zai dawo a hankali, a ba shi lokaci. Mutanen gari kuwa da suka ji ya daina ƙaiƙayi sai suka kaɗa kai. Ashe labarin audugar nan da Inna ta bi gida-gida tana bayarwa sun riƙe shi da kyau. Ba ita ta ce babban ciwon ba ya ƙaiƙayi ba? To ga shi ya daina.

Cikina ya tsufa. Na durƙusa a gaban Iya na gaya mata komai, tun daga maraƙi har bututu na biyu. Na ce a aika a tambayi malamin asibitin. Na ce in ta yarda Inna ta zo ta gani da idonta. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “'Yar nan, ni ban ce ƙarya kike ba. Wataƙila ma hakan ne. Amma jinjiri ne, fatarsa kamar ta albasa. In ya zo ya girma, ki kai shi duk inda kike so. Ni ba zan iya da bakin dangi ba.” Maigidana yana zaune a bakin ƙofa yana murɗa rediyonsa. Na dube shi, ya ce abin da Iya ta faɗa ai da gaskiya a ciki. Na tashi na kwance ƙullin kayana, na mayar da kowane zane inda yake.

Na aika wa Inna cewa tafiyar ba za ta yiwu ba, na ce wai don asibiti ya fi kusa a Daura. Ta aiko a gaya mini hakan ya fi, ita ma abin da take shirin cewa ke nan. Daga ni har ita ba wanda ya ruɗi wani.

Na haihu a ɗakin Iya, namiji. Ita ta yi mini wanka, kuma ta yi da kyau, ba ta rage ni da komai ba. Duk ranar da ganyen wankan ya sauka a bayana da ruwan zafi sai in yi kuka, ana cewa raki ne na mai haihuwar fari.

Ranar suna Inna ta zo a motar safe. Na hango ta daga cikin ɗaki tana shigowa da ƙullin kaya a ka, yaji da kanwa da zannuwan goyo, ta lulluɓe da wani babban mayafi har yatsu, ga zafi ana yi. Aka yi mata maraba sosai, har da guɗa. Aka shimfiɗa mata tabarma sabuwa ita kaɗai a gindin bango, aka kawo mata tuwo a wani kwano da ban taɓa gani a gidan ba. Jaririn yana ta yawo daga cinya zuwa cinya, ƙannen miji, matan maƙwabta, har wata da ta shigo tallar goro sai da ta ɗauke shi. In ya doso wajen bangon sai wata ta tuna ba a shafa masa kwalli ba, a juya da shi.

Ina kallo har la'asar ta kusa, na ji ta fara cewa za ta tashi kada mota ta wuce ta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fito tsakar gida, na karɓe shi daga hannun wata ƙanwar maigidana, ni da ko kallonsa bai kamata in yi a gaban mutane ba. Na ji wata tsohuwa ta ce, “La ilaha, yau ga marar kunya, ɗan fari!” Ban waiwaya ba. Na ratsa matan na durƙusa a gaban tabarmar na miƙa shi.

Na ce, “Inna, ga shi.”

Ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, tun daga ka har ƙafa, bakinta yana motsi. Na ga mayafin ya ɗaga kaɗan ta wajen gwiwarta, na ƙara matsawa. Sai ta kalli Iya, ta kalli matan da suka yi cirko-cirko, mayafin ya koma ya kwanta.

Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, irin wasan da kaka take yi wa jikanta namiji, ta ce, “Wannan ne angon nawa? Kai, mayar da shi! Dubi hanci kamar an taka. Ko hula ba shi da ita, da me zai riƙe ni? Ni ba na so, a kai wa Iya, ita ce ba ta da zaɓi.”

Gidan ya fashe da dariya, dariya mai ƙarfi ta mutanen da aka sauke wa kaya. Iya ta taso tana cewa ai ita tana son mijinta a haka, ta zare shi daga hannuna. Na rage a durƙushe, hannuwana a miƙe babu komai a ciki.

Na ce a hankali, “Inna, kin fa warke. Kin sani.”

Ita ma a hankali ta ce, “Haka malamin ya ce.” Sannan ta ce, “In kuma su ne da gaskiya fa, Auta? Mutane da yawa haka?”

Ta tashi ta yi sallama da kowa, ta ƙi a raka ta. Launin hannunta ya dawo kafin yaron ya fara tafiya, na gani da idona, na kuma kai mata shi ba sau ɗaya ba. Kullum da wasan take tarbarsa daga inda take zaune, ta ce ango ya zo babu ko goro, ta tura masa alewa a kan faifai. Ta rasu yana gab da shiga makaranta, bai taɓa hawa cinyarta ba.